Ranar da Velko Ya Yanka Burodin Slava

Vidra, bakin Kogin Dunav,
27 ga Disamba.

Zuwa ga Yayata Stanka,

Gaisuwa mai tarin yawa zuwa gare ki da maigidanki Obrad da yara baki ɗaya. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, Ya sassauta muku sanyin Winnipeg, Ya kuma ba gwiwarki sauƙi, don na ji har yanzu da sanda kike hawa bene. Mu a nan da sauran numfashi, mun gode Allah. Matata Zorka tana nan yadda kika san ta, bakin nan nata bai mutu ba. Ɗanmu Velko ya samu aiki a wurin gyaran jiragen ruwa, matarsa kuma cikinta ya shiga wata shida. Maganar Mama ce ta sa na ɗauki biro, zan zo kanta, amma ki yi haƙuri in faro daga tushe. Sau biyu na kira ki a waya don in faɗa miki, muka gaisa, na tambaye ki kuɗin kabeji a can, na kashe.

Kin fi ni sanin Vidra, ɗan yankin dajin nan da ke tsallaken kogi daga ƙauyenmu, ke kika koya mini ninƙaya a bayan bukkar Baba. Kin kuma san abin da ya same ta bayan yaƙi. Namu suka ce iyaka tsakiyar ruwa ce, don haka Vidra ta mutanen tsallake ce. Mutanen tsallake suka ce a tsohuwar taswira tamu ce. Kowa yana tura wa ɗan'uwansa, babu mai so, amma ka sa ƙafa ka gani, 'yan sandan ruwa su yi awon gaba da kai. Shekara talatin ina wucewa a kwalekwale ina hangen bukkar da Baba ya gina da hannunsa, rufin yana lotsawa a kan idona. Ke kin tafi, ba kya gani. Ni kullum sai na gani.

Bara sai ga wani likitan haƙori daga Antwerp, sunansa Lukas, ya zo ƙauyenmu da tuta a cikin jaka. Ya ce ƙasar da babu mai so ta wanda ya fara zama ce, kuma shi ya kafa Jamhuriyar Vidra. Yana da 'yan ƙasa dubu huɗu da suka yi rajista ta waya daga ko'ina a duniya, yana da tsarin mulki mai shafi sittin, abin da ya rasa kawai shi ne mai kwalekwalen da zai kai shi ya ga ƙasar tasa. Zorka ta kalle shi sama da ƙasa, ta ce mini wannan ko kaza aka ba shi kiwo sai ta ɓace. Na yi dariya tare da ita, sannan na bi shi. Ba jamhuriya nake so ba, Yaya, bukkar nake so. A watan Afrilun bana da ruwa ya cika ya shiga daji, na ratsa da mu goma sha biyu ta cikin itatuwa inda jirgin 'yan sanda ba ya iya bi. Na buɗe ƙofar, na tarar da ƙugiyoyin Baba a rataye inda ya bar su. Na zauna a ƙasa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Ga yadda mulkinmu yake, don ki gane irin ramin da na faɗa. Ba mu da mai yanke hukunci shi kaɗai, ko Lukas da ake kira Shugaba. Kome ƙanƙantar abu sai an sa shi a ƙuri'a ta waya, duk 'yan ƙasa su jefa, a jira kwana goma sha huɗu. Sai da aka yi ƙuri'a kafin mu haƙa masai. A sati biyun nan kada ki tambaye ni yadda muka yi. To, a zamanmu na farko a gindin tuta, ni da bakina na miƙe na ce ƙasa ba ta zama taka da takarda, sai an kwana a cikinta. Suka tafa mini. Aka mayar da maganata sashe na tara: dole kowane dare ɗan ƙasa ya kwana a Vidra, in an tsallake dare ɗaya jamhuriya ta rushe, kuma wanda ya rage na ƙarshe ba zai fita ba sai da izinin ƙuri'a. Ranar har wani daɗi nake ji, wai ni Milutin masunci na shiga tsarin mulki.

Sauro ya fara korar su tun a watan Yuni. Lukas kuwa tun kafin nan ya tafi, kwana tara kawai ya yi, ya ce marasa lafiya na jiransa. Sauran suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, kowa da alkawarin dawowa. Su kuwa 'yan sandan tsallake an ba su umarni mai sauƙi: wanda ke ciki a bar shi, mai fita a buɗe masa hanya, mai shiga a tare shi. Tun watan Agusta ni kaɗai ne. An naɗa ni Mazauni na Farko, an ƙara mini da Ministan Ruwa da Gandun Daji. Akwai wani ɗan sanda, Zvonko, sa'ana ne, mutumin kirki, yakan tsayar da jirginsa mu yi hira ta kan ruwa. Shi ya gaya mini a fili cewa masu kula da daji na jira, ranar da mutum na ƙarshe ya fita, ranar za a rushe duk abin da ke tsaye a nan, har bukkar. Duk Asabar Zorka takan zo da kwalekwale ta tsaya nesa da gaɓa, ta miƙo mini burodi da wake da albasa a kan dogon gora, Zvonko ya juya baya yana duba injinsa. Takan ce, "Ranka ya daɗe Minista, ga abincin talakawa, a taimaka a karɓa."

Yanzu ga maganar. Kin san ranar Waliyyi Nikola ba ta taɓa wuce gidanmu ba a yi slava ba, bikin waliyyin gidanmu, ko shekarar da ake ruwan bama-bamai sai da Baba ya kunna kyandir ya yanka burodi a ɗakin ƙasa. Tun da ya rasu ni nake tsayawa. Tun farkon Nuwamba na rubuta wa 'yan ƙasa ina neman izinin kwana ɗaya tak, na kuma roƙi a turo wani ya kwana a madadina. Babu wanda ya iya shigowa, ruwa ya janye, hanyar daji ta rufe. Aka sa maganar a ƙuri'a. Na yi musu bayanin slava iya iyawata, cewa maigida ne yake juya burodin tare da Fadan coci, ya sumbace shi, ya raba, kuma ɗa ba ya karɓar wannan aiki muddin uban na da rai sai in uban ne ya miƙa masa a gaban jama'a. Wani daga Brazil ya rubuto cewa ni gwarzo ne, tarihi ba zai manta da ni ba. Wata daga Koriya ta kawo shawarar a buga hotona a jikin kan sarkin aika wasiƙa. Wani kuma ya ce me zai hana a yi bikin ta waya. Mutum ɗari shida da sha ɗaya suka ce in zauna, ɗari biyu da arba'in suka ce in tafi. Mutanen da ko ƙamshin kogin nan ba su taɓa ji ba, suna zaune a ɗakunansu masu ɗumi, su suka hana ni gidan uwata. Na yi fushi har na jefa wayar cikin buhun wake.

Sai dai ba zan yi miki ƙarya ba. Da na kai wa Zvonko ƙarar su, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Milutin, wa ya ɗaure ka? Ga kwalekwalenka can. Ni da kaina zan raka ka har tsakiyar ruwa." Ƙuri'arsu ba ta da sarƙa, ba ta da bindiga. Na fake da ita ne kawai, saboda na san in na tura kwalekwalen nan, kafin in gama cin kifin slava an kwantar da bukkar Baba.

Asabar ɗin da ta zo kafin bikin, Zorka ta iso babu tsokana a bakinta. Ta ce an jiƙa alkama, an sayi kifi, Fada ya ba da lokaci, baƙi kuma za su zo ko an gayyace su ko ba a gayyace su ba, don haka in zaɓa, ko in zo ko in miƙa wa Velko. Na ce Velko ya tsaya mini na bana kaɗai. Ta ce ba a aron slava, in na ba shi na ba shi ke nan. Na ce to na ba shi. Haka na miƙa abin da ya zo mana tun daga kakan kakanmu, da ihu, ta kan ruwa, babu shaida sai ɗan sanda mai duba inji. Ba mu tuna da Mama ba, ni da ita duka. Wannan shi ne kuskuren.

Kin san yadda kanta ya zama tun bara, wani abu ta riƙe, wani ya zube. Amma ka'idar slava tana nan daram a ranta. Zorka ta ce an zaunar da ita a kujerarta kusa da hoton Waliyyi, tana fara'a, tana gane baƙi da sunayensu. Fada ya ɗauki burodi, Velko ya matso ya sa hannu suka fara juyawa. Mama ta kalle shi, ta kalli ɗakin kaf, ta tambayi Zorka a hankali, "Yaushe Milutin ya mutu? Me ya sa ba ku gaya mini ba?" Aka yi ta rantse mata cewa ina nan da raina. Ta ce kada su mayar da ita yarinya, shekararta tamanin da bakwai, ba ta taɓa ganin ɗa ya yanka burodi uban na numfashi ba. Ta sa aka ɗauko mata baƙin ɗankwali. A lokacin ni ina nan na kunna guntun kyandir a kan akwatin ƙugiya, ina jin ƙararrawar cocinmu daga tsallake, ina ganin na yi dabara.

Yau kwana takwas ke nan. Velko ya kira ni ya kara mata wayar a kunne, na ce Mama ni ne, ta ce muryar ta yi kama, Allah Ya saka wa mai kwaikwayon da alheri. An nuna mata fuskata a waya ina magana ina ɗaga hannu, ta ce ai Baba ma akwai hotonsa. Abinci sai an yi da gaske take karɓar cokali biyu. Kowace safiya sai ta tambayi inda aka binne ni, tana so ta kai alkamar sadakar mamaci. Likita ya ce jikinta ba zai ɗauki wannan ba har ƙarshen sanyi, ba kuma za a iya sa ta a kwalekwale cikin wannan iska ba. Zorka ta daina ce mini Minista. Jiya ta miƙo buhu, ta ce, "Uwarka na makokinka, kai kana gadin katako," ta juya ta tafi.

Gaskiya ta faɗa, na sani. Sau uku na kwashe kayana na zuba a kwalekwale. Sau uku ina waiwayawa in ga ƙofar nan da Baba ya sassaƙa, sai in ga kamar ni zan ɗaga mata gatari, in sauke kayan. Na sake rubuta wa 'yan ƙasa, ƙuri'a za ta rufe ran tara ga Janairu, na kuma san abin da za ta ce. Ina jin tsoro, Yaya, ina kuma jin kunyar kaina. Wata takwas a wannan wuri sun lalata ni, na zama mutumin da ba ya iya ɗaga ƙafa sai an ba shi izini. Tun da haka ne, na gwammace izinin ya fito daga wadda ta san bukkar ta kuma san Mama. Rabin bukkar nan naki ne. In kin ce a bar ta ta tafi, ba ni kaɗai na bayar da ita ba. Zorka za ta ɗauki hoton takardar nan ta turo miki ranar Asabar. Kada ki rubuto mini doguwar nasiha, kada kuma ki ce in yi abin da na ga ya dace, na gwada na kasa. Ki kira ni ki ce, Milutin, tashi ka tafi gida, da muryar nan da kike korata daga ruwa in magariba ta yi. Kayana suna ɗaure a bakin ƙofa.

Ki gaishe mini da Obrad, ki ce na gode da safar ulun da ya aiko, ita nake sawa. Ki gaishe da Tiyana da mijinta, da Rastko, da jikarki Mila da ban taɓa gani ba. Zorka da Velko suna gaishe ku. In kin kira gida ki yi magana da Mama, kada ki yi mata gardama a kaina, ki dai lallashe ta ta ci abinci. Allah Ya tsare ku, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki da ke jiran kiranki,
Milutin.