Ƙanzo a Bayan Randa

Litinin, 2 ga Yuli, 2018

Yau kwana goma sha ɗaya da dawowar Adda daga asibiti. Ɓarin jikinta na hagu ya yi ƙaura ya bar ta, hankalinta kuma ya koma kamar fitilar da mai ya yi wa ƙaranci, ta haska, ta dushe. Da na tashi daga makaranta na zarce gidanmu na Ƙofar Wambai. Na durƙusa a bakin ƙofa inda na saba durƙusawa, na ce, "Adda, ina wuni?"

Ta ɗago ta dube ni. A ido. Shekarata hamsin da uku, sai yau na san cewa ƙwayar idon mahaifiyata ba baƙa ba ce, ruwan zuma ce.

Ta ce, "Sabitu! Sai yanzu? Matso nan mana, ka wani rakuɓe kamar suruki."

Kawu Sabitu ƙaninta ne, kuma ya shekara goma sha tara a kabari. Daga bakinsa na ɗauki kiranta Adda tun ina ƙarami, domin ɗan fari ba ya cewa Inna kamar sauran 'ya'ya. Ashe da wannan kira na shigo mata da muryar matacce.

Na matsa. Ta kama hannuna. Ban ce mata ba shi ba ne.

Laraba, 4 ga Yuli

Ina ƙoƙarin tuna ranar da ta taɓa riƙe hannuna kafin shekaranjiya. Babu.

Ba zarginta nake yi ba, haka aka raine ta. Ni ɗan fari ne, kunyata take ji kamar yadda uwarta ta ji kunyar nata. Ranar da aka yaye ni aka goya ni sai Zungur wajen kakata, ban dawo birni ba sai da na shekara tara, aka sa ni makaranta. Sunana bai taɓa ratsa haƙoranta ba. Idan za ta aike ni sai ta fuskanci bango ta ce, "A ce wa mutumin Zungur a sayo kalanzir," alhali daga ni sai ita a tsakar gida. Ranar da na faɗo daga bishiyar mangwaro na karye, ina ihu, tana tankaɗe. Ba ta ajiye rariyar ba sai da Goggo, ƙanwar mahaifinmu, ta fito ta ɗauke ni. Mata suka yi ta yaba mata kawaici. Ni kuwa na kwanta da karaya biyu, guda ɗaya kawai mai ɗori ya gani.

Na yi baiti a kan keke ina komawa Ƙofar Ran:

Na sha nonon da bai kira ni ba,
Na zauna inuwar da ba ta gan ni ba.

Ma'aunin ya karye a ɗango na biyu. A bar shi haka.

Asabar, 7 ga Yuli

Ƙanwata A'i, wadda ke zaune da Adda tun rasuwar mijinta, ta tare ni a zaure tana kankare tandar masa. Ta ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah. Kana amsa sunan wanda ke ƙarƙashin ƙasa. Likita cewa ya yi a riƙa tuna mata kowa da sunansa."

Na ce mata kwantar da hankalin mara lafiya shi ma magani ne. Ta ce, "Hankalin wa?"

Na wuce ta na shiga ciki.

Lahadi, 8 ga Yuli

Ashe Adda tana da ban dariya. Rabin ƙarni ina zaune kusa da rijiya ban san da ruwa a ciki ba. Ta kwaikwayi tafiyar marigayi mahaifinmu da hannu ɗaya. Ta ce mini mai kan tulu. Ta ce gemuna ya yi fari da wuri saboda rowa. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, sannan na fita bayan ɗaki na tsaya tukuna.

Roda, maƙwabciyarsu da ta yi ritaya daga aikin jinya, ita ke zuwa kowace safiya ta auna mata jini ta yi mata wanka, lokacin da A'i ke ƙofar gida wajen suyar masa. Ta ce da ni, da Hausarta da ba ta raba mace da namiji, "Malam, in ka zo Mama yana cin abinci da kyau. Ka dinga zuwa." Allah Ya saka wa matar nan.

Alhamis, 12 ga Yuli

Yau an buɗe mini wani ɗaki a cikin rayuwata wanda ban san an gina shi ba.

Ruwan sama ya tsare ni bayan la'asar. A'i ta kawo wa Adda tuwon shinkafa, ta taɓa ta ture, ta ce ba a iya tuƙi ba, tukunya ko kamu ba ta yi. A'i ta ce, "Inna, ai kin sha ƙona mana tuwo, yanzu kuma ni ce ban iya ba?" Ta fita tana ƙunƙuni.

Adda ta jawo ni da yatsa, ta yi ƙasa da murya. "Sabitu, kada ka gaya wa kowa. Da gangan nake ƙonawa."

Na ce don me.

"Mutumin Zungur mana. Ya dawo daga ƙauye ba ya son komai sai ƙanzo. Ƙannensa na yi masa dariya, wai abincin awaki, sai ya daina tambaya. To ni in ce me? In kira shi in ba shi, a ce ba ni da ta ido? Sai in ƙara itace in bar tukunya ta kama. Malam ya yi faɗa har ya gaji, wai ya auro wadda ba ta san wuta ba. Da safe in jiƙa, in sa ƙuli da ɗan man shanu, in tura bayan randa."

Ƙaramin kwanon sha mai tsatsa a gindi, an rufe da faifai. Shekara goma sha ɗaya ina samunsa a bayan randa. Shekara goma sha ɗaya ina yi wa Goggo godiya, tana amsawa da "Allah Ya yi albarka," har ta koma ga Mahaliccinta ba ta warware mini ba. Waƙar ta'aziyyar da na yi wa Goggo ma, baiti bakwai a cikinta na ƙanzon nan ne. Na karanta ta a gaban Adda. Tana tsintar wake.

Har gobe ba na haɗa ƙanzo da kowane abinci a duniya. Mai ɗakina ta san haka, takan ce wai malamin adabi guda da cin gindin tukunya.

Juma'a, 13 ga Yuli

Ban iya sauraron huɗuba ba. Allah Ya yafe mini.

Talata, 17 ga Yuli

Kwaɗayi ya shige ni, kuma na san shi da sunansa. An ba ni ƙanzo, yanzu ina son tukunyar.

Ina son in ji ta faɗa. Sau ɗaya. Gaɓa biyu ce tak, Man-sir, ko numfashi guda ba za ta ci mata ba. Liman ya faɗe shi ranar suna, malamai sun kira shi a rajista, har masu karanta gaisuwa a rediyo sun faɗe shi. Bakin da ya fi kowa haƙƙi a kansa ne kawai ya rufe. Roda ta ce jinin yana hawa yana sauka, A'i ta ce ƙafar dama ma ta fara nauyi. Ba ni da shekaru a gabana, wataƙila ba ni da makonni.

Babban gidana, ɗana na fari, ya kai ni a babur yau, ya jira a zaure har na fito. Wata mai zuwa zai tafi Gombe, ya sami koyarwa. A hanya ya ce, "Baba, jikin Inna kuwa?" Na ce da sauƙi. Iyakar hirarmu ke nan daga Wambai har gida.

Laraba, 18 ga Yuli

Na aikata abin da zan daɗe ina neman gafararsa.

Na same ta da walwala, har ta sha kunu rabin kofi. Na ce, "Adda, wannan mutumin Zungur da kike ta faɗa, wane ne shi? Na manta."

Ta yi dariya. "Ji ɗan banza. Ɗan naka?"

Na ce tsufa ne, sunan ya ɓace mini, ta tuna mini.

"Kai Sabitu ba ka da kunya."

Da na tsaya a nan, da na tashi da mutuncina. Ban tsaya ba. Na ce babu kowa, daga ni sai ita. Na ce ta raɗa mini a kunne. Na ce idan ba ta faɗa ba, to ba ta san shi ba ke nan, ba ta taɓa ƙaunarsa ba. Muryata ta hau, ni da nake hana ɗalibai ɗaga murya. Na riƙe mata hannun nan mai rai, ina jin na matse shi.

Dariyar ta janye daga fuskarta kamar ruwa a kan yashi. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana. Sai na ga abin ya dawo mata, na ga lokacin da ya dawo. Ta zare hannunta a hankali. Ta lalubi mayafi ta ja shi har goshi, ta juya ga bango.

Ta ce, "A ce wa mutumin Zungur rana ta yi, ya tafi gida."

Likita ya so ta gane kowa. To ta gane ni.

Alhamis, 19 ga Yuli

Ban je ba.

Juma'a, 20 ga Yuli

Ban je ba. Na gaya wa A'i a waya cewa gyaran takardun jarrabawa ya riƙe ni. Ƙarya ce. Ina tsoron in tarar da bango, ina kuma tsoron in tarar da Sabitu ya dawo in sake zama ɓarawo a ɗakin uwata. Na zauna na cika shafi huɗu da baitoci a kan haƙuri. Ko ɗaya ba zai ciyar da mara lafiya cokali guda ba.

Gobe in sha Allahu da sassafe.

Asabar, 21 ga Yuli

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsi, ina ɗaure igiyar takalmi. An kai ta bayan azahar.

Talata, 24 ga Yuli

Sadakar uku. Maza a ƙofar gida kan tabarmi, kowa da kalmar da ya zo da ita: mace mai kawaici, mace mai alkunya, irinsu sun ƙare. Ina amsawa da amin kamar injin niƙa.

Da jama'a suka ragu na shiga ciki in sha ruwa. Roda tana tsakar gida tana taya A'i wanke kwanuka, idanunta sun kumbura. Ta yi mini gaisuwa, sannan ta ce, "Malam, ina so in tambaya. Wane ne Mansir? Ya zo jana'iza kuwa?"

A'i ta saki kwano.

Roda ba ta san ni da wani suna ba sai Malam. A'i kuma Yaya take ce mini. Na ce me ya sa ta tambaya.

"Kullum in ina yi wa Mama wanka yana kiransa. Tun daga asibiti. Mansir ya ci? Mansir ya dawo makaranta? In na ce wane ne, sai ya sa yatsa a baki, ya ce kar a ji. Ranar Asabar ma ya kira, sau uku, yana duba ƙofa. Na ce ko wani ɗa ne da ya mutu."

A'i ta ce, "Ga shi nan tsaye a gabanki."

Ban san yadda na fito ba. Na tsinci kaina a gindin randar nan, wadda ba a zuba mata ruwa tun da aka ja famfo. Na leƙa bayanta, ni da furfurata. Yanar gizo-gizo ce da murfin kwalba.

Ta faɗa. Ta yi ta faɗa, kowace safiya, a kunnen baƙuwar da ba za ta ga baikenta ba. Ranar Asabar tana duba ƙofa ina ɗaure takalmi.

Lahadi, 29 ga Yuli

Mai ɗakina ta jiƙa mini ƙanzo, ta sa man shanu fiye da kullum. Na ce ta ɗauke.

Na ɗauko alƙalami in yi wa Adda marsiyya. Na yi wa Goggo baiti arba'in, na yi wa shugaban makarantarmu talatin, mutumin da ko gaisuwar kirki ba ma yi. Ga wadda ta ƙona tuwonta shekara goma sha ɗaya, ta sha faɗan miji saboda ni, ɗango ɗaya ya gagara. Duk kalmar da na ɗauko sai in ga ta yi ado da yawa, kamar mai zuwa gidan makoki da kayan biki.

Asabar, 4 ga Agusta

Babu abin rubutawa sosai. An yi yayyafi da safe, ya ɗauke. Na biya ta maƙabarta.

Babban gidana ya tafi Gombe ɗazu. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakina, daidai inda ya saba, ya ce zai kama hanya. Ina duban littafi na ce Allah Ya tsare. Shekararsa ashirin da bakwai, kai nake ce masa, ko in ce wa uwarsa ta gaya wa wancan. Haka na tarar ana yi, ban taɓa ganin aibinsa ba, kuma ba yau zan fara sukar iyaye da kakanni ba.

Ya ɗauki jaka ya kai zaure. Sai na ji wani ya ce, "Abdulsalami."

Bai juyo nan da nan ba. Ya dubi ƙofar waje tukuna, yana neman mai kiran. Uwarsa ta tsaya da ludayi a hannu.

Ya ce, "Na'am, Baba?"

Na rufe littafin. Na ce hadari na haɗowa, ya yi hankali a hanya. Ya ɗaga kai ya dubi sama, tas take kamar an share. Ya ce to. Ya ɗan daɗe a tsaye kafin ya fita.

Ba wani abu ba ne, harshe ne ya zame. Mutum in yana cikin makoki ba ya rasa irin wannan.

Abdulsalami. Gaɓa biyar. Ya fi nawa wuyar shiga baiti.

Ban san abin da yake so ya ci ba. Sai in tambayi uwarsa. Ko kuwa idan ya kira ya ce ya sauka, in tambaye shi.