Rakodar Nan Ba Za Ta Koma Ba

Zuwa ga 'yata, autar gidan nan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Allah Ya tsare ku, Ya sa albarka a aikinki na asibiti, Ya ba waɗanda ke hannunki sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai gwiwa da ke tuna mini shekaruna duk sanda zan miƙe. Yayanki an mayar da shi aikin safe. Gwaggonki ta warke daga tarin nan har ta koma faɗa da kowa, wanda tun muna yara shi ne alamar lafiyarta. Matar yayanki ce ke rubuta mini, tunda kin san ni da biro ba mu taɓa shiri ba. Na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. In ta gama za ta ɗauki hoton takardar ta turo miki yau, domin abin na gaggawa ne.

Auta, maganar rakodar da kika saya mini a kasuwar cikin waya ce. Sau ɗaya tak na ambata miki cewa kaset ɗin mahaifiyarki na nan a ƙasan akwati, ba ni da abin saka shi, ashe kin riƙe. Allah Ya yi miki albarka. Kaset ɗin shi ne saƙon da ta ɗauka ta aiko mini lokacin da aiki ya kai ni nesa, kina goye a bayanta, shekara guda kafin Allah Ya karɓe ta. Da mai babur ya kawo kwalin, matar yayanki ta karanta mini abin da mai sayarwa ya rubuta, wai tana aiki sumul, kamar sabuwa. Na jona ta, rediyo ya yi magana. Na nemo wani tsohon kaset marar amfani na saka, domin ba na fara gwaji da abin da ba shi da na biyu. Na danna, inji ya yi gurnani, kaset ko motsi.

Matar yayanki ta ce kada in taɓa, wai dokar kasuwar ita ce a ɗauki hoto a bar kaya yadda ya zo. Ki ji fa. Mutumin da ya shekara arba'in yana gyaran rediyo a ƙarƙashin matakalar bene, shi za a ce wa kada ya buɗe rediyo. Kafin ta sauke tukunya ta dawo, ƙusoshi huɗu na cikin faranti. Bel ɗin da ke juya kaset ya narke kamar kwalta, ya manne a ko'ina. Duk mai sana'a ya gani ya san ta fi shekara goma ba ta juya ba.

Daga nan kika shigar da ƙara wurin masu kasuwar, kika ba mutumin tauraro ɗaya, kika kira shi ɓarawo. Shi kuma ya amsa a ƙarƙashin rubutunki, inda duniya ke karantawa, wai tsohon ne ya buɗe ya lalata da hannunsa yake ƙarya. Ranar abinci bai wuce mini ba. Na sa hula na ce a kai ni shagonsa, yayanki ya yi ta dariya, wai shagon a cikin waya yake. A zamanina in rigima ta tashi, mutum ya ajiye rediyonsa a kan teburina, maƙwabta su taru, a buɗe a gani, kafin la'asar an yi musabaha. Yanzu kuwa a zage ka a gaban mutanen da ba ka gani, kuma zagin ba ya tsufa.

Kwana biyu sai ga shi ya kira, ya samu lambar da kika ba shi domin mai kawo kaya. Muryar magidanci na ji, ba ta ɗan iska ba. Ya ce tun da kika yi rubutun nan ba wanda ya ƙara taya kayansa, a taimaka a goge, zai mayar da kuɗi. Na ce masa ya ajiye maganar kuɗi, ya faɗa mini yadda ya gwada ta. Ya ce ya jona, fitila ta kama, ya ji labarai. Na tambaye shi kaset fa. Ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa riƙe kaset ba, ta marigayi mahaifinsa ce, a saman kabad suka same ta da suna kwashe ɗakinsa. Na yi masa bayanin bel dalla-dalla. Ya ce in yafe masa, kuma kafin azahar matar yayanki ta nuna mini wurin da ya rubuta ni maƙaryaci, ya share. Na tambaye shi ko mahaifinsa bahago ne, domin fentin rakodar ya goge ne ta gefen hagu, inda yatsa ke yawan sauka. Ya ce ƙwarai kuwa, bahago ne.

Kin tuna gwangwanin tarkacen nan da kuka sha yi mini barazanar zubarwa? A ciki na samo bel daidai ita. Na goge kwaltar da auduga, matar yayanki na riƙe mini tocila tana mita, har na ɗora. Ta juya. Amma aikin bai ƙare ba, domin akwai wata 'yar ƙusa a bayan injin wadda ke saita gudu, kuma ba ni da ma'auni sai kunne. Dole sai da muryar da na sani. Na yi bisimilla na saka kaset ɗin mahaifiyarki. Da farko ta fito da nauyi, kamar namiji mai mura. Na murɗa, ta koma siririya kamar yarinya. Yayanki ya ce ai ya yi, gwaggonki ma ta ce ita ce sak, tana share hawaye. Ba ita ba ce, Auta, sun manta ne. Kwana uku ina murɗawa kamar kaurin gashi, ina mayarwa. Ran na uku da hantsi ta zo inda take tsokanata a kan wai na tafi da sabon bargo na bar mata tsoho, ta yi 'yar dariyar nan tata ta hanci, sai na janye hannuna. Na karɓi jan farcen matar yayanki na ɗiga a kan ƙusar don kada ta ƙara motsi.

To yanzu an ce mini masu kasuwar sun ba ki gaskiya, a mayar da kaya cikin kwana bakwai a dawo miki da kuɗinki, saura huɗu, kuma kin aiko a naɗe ta a kwali. Auta, rakodar nan ba za ta koma ba. Na san kin ci shari'a, na kuma san wurin wanda kika gado taurin kai, shi ya sa nake roƙo maimakon umarni. Ki janye ƙarar. Sannan ki cire kalmar ɓarawo, domin bai saci komai ba, kuma yana da iyali da ke ci daga sunansa. Amma kada ki ba shi taurari biyar ɗin da yake nema. Ya faɗi abin da bai sani ba, har ya ɗora mini laifi. Uku ya ishe shi. Ki rubuta cewa bai gwada kaset ba, bel ya narke, amma da aka nuna masa kuskurensa ya karɓa. Na faɗa masa haka da bakina, ya ce ya ji.

Matar yayanki ta ce in bari ta kara waya a bakin rakodar ta turo miki muryar. Na ƙi, ga ta nan tana girgiza kai tana rubutawa. Waya na matse murya, ni kaina in na ji ki a ciki sai in ji kamar daga cikin kwalba kike magana. Ban yi kwana uku a kan ƙusa ɗaya don ki fara jin uwarki a haka ba. Can wajen ƙarshen kaset ɗin kin fashe da kuka, ta bar maganar da take yi mini ta juya gare ki, tana lallashinki da wani suna da ba wanda ya ƙara kiranki da shi. Ba zan faɗa miki ba, daga bakinta za ki ji. Zaren ya tsufa, kowace juyawa tana cin wani abu daga jikinsa, don haka na daina sakawa. Na mayar da shi farko na ajiye. Abin da ya rage a cikinsa naki ne, ki nemi hutu ki zo.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau. Ki gaida takwarana, ki ce masa na ji labarin haƙorin da ya faɗi. Ki gaida amaryata sarkin rigima, ki ce mata in ba ta zo tare da ke ba na sake ta. Gwaggonki da yayanki suna gaisuwa, mai rubutu ma ta ce in sa tata. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki,
tsohon mai gyaran rediyo.