Jan Balan-balan da Ya Ƙi Sacewa

Yaya Falmata,

Ina gajiyar suna, ina gajiyar hanya? Yaya maigidan da yara, yaya Agadas? Mu nan Damagaram lafiya lau.

Balan-balan ɗin da muka hura ranar sunan ɗana, muka jera a zare bisa ƙofar Inna, duk sun sace, sai jan nan naki. Na juya shi, na duba, ban gane ba. Wane irin ƙulli kika yi masa ne?

Jiya zan sauke zaren, Inna ta ce, "Kul! Numfashin ɗiyata ne a ciki." Kullum da safe sai ta latsa shi da yatsa.

Ya fara yaushi, Yaya. Ki sa mu a addu'a, ki gaida kowa, ki kuma zo kafin ya ƙare.

Ƙanwarki,
Hadiza