Na Nuna Musu Tabon Turu

Malam,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙasa ba ta yi maka nauyi ba. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma cewa za ka yi kaji ne suka yi tono a takarda, alhali kai ka koya mini rubutun.

Gero ya yi kyau bana. An ce Nasara sun kawo wani jirgi Kano, yana cin wuta yana shan ruwa. Ban gan shi ba, amma na ga abin da ya fi shi a tsakar gidanka, nan Dutse.

Jikarmu Ladi ta zo wankan jego. Bayan suna sai ta daina barci, tana kuka tana dariya, wai jaririn ba nata ba ne. Ka tuna wadda ta taɓa yin haka? Maƙwabta suka daina shan ruwan randarmu. Uwar mijinta ta taso daga Kiyawa, wai a saka Ladi a turu, ita ta tafi da ɗan.

Malam, na tona asirin da ka rufe har ka mutu. Ran nan matan unguwa sun cika gidan da sunan dubiya, na ce su zauna in ba su labari. Ka san ni. Na ba su labarin wata mai jego da aka ce ta tafi ganin dangi Aujara, alhali tana ɗakin baya, kawunnanta sun ƙulle ƙafarta a gungume. Mijinta ya fasa shi da gatari, ya yi wata huɗu yana ba ta fura a baki. Suka yi shewa, wai ƙaryar Kaka ta yau ta fi ta kullum. Sai na ɗage zane na nuna musu tabon da ke idon sawuna.

Can sai Inna mai daddawa, wadda kai ma kake tsoron bakinta, ta ce ita damina guda ta yi tana hira da bango. Matar liman ta sunkuya ta ce ita ma. Shekara nawa muna daka tare, kowacce na zaton ita kaɗai ce? Allah mai iko!

Na sha ce maka ban tuna komai ba. Ƙarya nake. Na tuna gatarin, na tuna hawayenka. Kunya ta hana ni godiya. Na gode, Malam.

Ladi ba ta gama warkewa ba. Amma uwar mijin ta kwance kayanta, yanzu ita ke dama mata kunun kanwa. Jiya da hantsi Ladi ta miƙa hannu, da kanta, ta ce a ba ta ɗanta.

Allah ya kai haske kabarinka. Sai na zo, ka yi mini faɗan.

Tsohuwarka mai surutu,
Kakar Ladi