Fiton da Ban Ji Ba

Litinin, 3 ga Maris

Auta ta gama albam ɗinta. Waƙa takwas, in ji ta, ko da yake babu wanda ya buɗe baki ya rera komai a ciki. Dum-dum-dum daga farko har ƙarshe, kamar ana bugun ƙofar gidan da ba kowa. Kiɗan kwamfuta ne, na masu rawa. Wani ɗan kamfani a ƙasar waje zai sake shi a intanet ran ashirin da ɗaya ga wata, daga baya su buga shi a faifai.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina injiniyan sauti a gidan rediyo. Ni na zo na ɗaya a ajinmu a kwalejin fasaha. Na taɓa ɗaukar makaɗa goma sha biyu da makirfo uku, kowa ya fito sarai. Da kwamfuta ta zo, aka yi mini jawabi, aka miƙo mini agogon bango. Yau 'yar cikina ce ke zaune a ɗakin baya tana kiɗa da yatsa ɗaya, duniya na tafa mata. To.

Alhamis, 6 ga Maris

Ta shigo da shayi, abin da ba ta saba ba, na san da magana.

"Baba, kunnenka nake so."

Tace sauti take nufi, aikin ƙarshe kafin kiɗa ya fita: a daidaita ƙasa da sama, wato amo mai kauri da siriri, a sa waƙoƙin su zama 'yan gida ɗaya. Ni na yi mata na farko, shekara uku da suka wuce, waƙoƙi huɗun da ta ɗora a intanet da kanta. Mutum arba'in suka saurara, rabi 'yan uwanta ne. Ni na yi mata na biyu, wanda ta sa wa suna Matakala, shi ne ya tashi har ake gayyatarta garuruwa ta sa wa mutane kiɗa. Duk sau biyun, bayan na gama, sai ta ɗauke aikin ta shige ɗaki, wai za ta ƙara dubawa. Dubawa! Ni da na yi shekaru ina yanka tef da reza tun uwarta na makaranta.

Na ce zan duba lokacina. Kamar ina da wani abin yi.

Asabar, 8 ga Maris

Uwarta ta fito daga wanka ta tarar butar shayi ta kusa ƙonewa, ina zaune taku biyar daga kicin. "Malam, tun ɗazu take fito, har maƙwabta sun ji." Na ce karatu ya ɗauke mini hankali.

Ban ji ba. A nan kawai zan rubuta.

Talata, 11 ga Maris

Auta za ta yi tafiyar kwana goma sha biyu, wasa a gari uku. Kamfanin na son aikin ran Juma'a. Ke nan wannan karon babu mai bin bayana. Ta tsaya a ƙofa da jaka a kafaɗa, kamar akwai abin da take son faɗa, sai ta ce, "Ka dai tura musu kai tsaye, Baba. Ga adireshin." Ta fita.

Zan bi da kiɗan ta cikin tsohuwar na'urar tef ɗina, wadda na tsamo daga kayan da gidan rediyo za su zubar. Tana ba sauti jiki, tana cire masa wannan sanyin na kwamfuta. Auta ma tana so. Na goge kawunan da ke karanta tef ɗin, na sake bel ɗin da ke juya shi, na ɗaura sabuwar wayar sauti a baya. Su ga yadda ake aiki.

Juma'a, 14 ga Maris

Na tura. Kwana uku ina kai. Na saurari kowace waƙa sau huɗu, tsaf take. Ta shida tana da wani wuri a tsakiya da ganga ke tsayawa cak, a bar wani siririn amo shi kaɗai na tsawon numfashi goma, sannan komai ya dawo gaba ɗaya. Ba laifi. Ba zan gaya mata ba.

Juma'a, 21 ga Maris

Ya fita. Sunana na ƙasa, da haruffan da sai an sa tabarau. Uwarta ta nuna wa matar maƙwabci, ta nuna wa mai gyaran famfo, har mai kawo gas bai tsira ba.

Asabar, 22 ga Maris

Auta ta bugo da hantsi, murya ba daɗi. Wai mutane na rubutawa cewa akwai wani fito a albam ɗin, siriri, can sama, ya fi fitowa a inda gangar ke tsayawa a ta shida. Wani ya ce kamar sauro a cikin kunne. Wani ya ce karensa ya bar masa ɗaki.

Na ce wayoyinsu ne. Yaran da ke sauraron kiɗa ta abin kunne mai arha kamar ƙwayar magani su ne za su koya mini sauti?

Da ta ajiye na je na kunna ta shida. Sau bakwai. Na ƙure ƙara har gilashin taga na rawa. Babu komai.

Litinin, 24 ga Maris

Ta dawo jiya. Yau da safe ta ce in zo mu saurara tare. Ta kunna ta shida. Da aka zo wurin sai na ga ta runtse ido ɗaya, ta ɗan janye kai, irin na wanda aka tsira wa allura. Ni kuwa shiru kawai nake ji, shiru mai kyau.

"Ka ji, Baba?"

"Na ji. Ɗan kaɗan ne, an dai kambama."

Ta juya ga kwamfutar. Ta taɓa wani abu, ta ce bari mu sake. Wannan karon na shirya. Gangar na tsayawa na ɗaga yatsa na ce, "Ga shi nan. Yanzu ya shigo."

Ta ce, "To, Baba." Ta kashe. Ta tambaye ni ko zan sha ruwa.

Talata, 25 ga Maris

Uwarta ce ta gaya mini, tana ninke kaya, ba ta ko kalle ni ba. Na biyun da Auta ta kunna ba nawa ba ne. Nata ne na asali, kafin ya bi ta na'urata. Babu fito a cikinsa ko kaɗan.

Na ɗaga yatsa. Har da "yanzu ya shigo".

Alhamis, 27 ga Maris

Ban shiga ɗakin baya ba. Ita ma ba ta kira ni ba. Muna gaisawa kamar 'yan haya.

Asabar, 29 ga Maris

Na ji ta a waya da mutanen kamfanin, ƙofa a buɗe. Magana ina jinta, ba ita ce matsalar ba. Ce musu take laifinta ne, wai ita ta yi kuskure wajen haɗa waƙoƙin, ta yi gaggawa saboda tafiya. Sunana bai fito daga bakinta ba.

Sun dakatar da buga faifan. Maganar albam na gaba da suka fara yi mata, sun ce a bari tukuna. Na san wannan "tukuna" ɗin, da ita aka sallame ni. A wannan sana'a, in aka ce mai haɗa kiɗa ba ta jin abin da ke cikin kiɗanta, an gama da ita, ko da kowa na yi mata murmushi.

Ban roƙe ta ta rufa mini asiri ba. Wa ya sa ta?

Laraba, 2 ga Afrilu

Na je asibitin kunne, na ce wa uwarta aski za ni. Wata likita, sa'ar Auta, ta sa ni a ɗan ɗaki mai soso a bango, ta ba ni maɓalli in danna duk lokacin da na ji ƙara. Na danna, na danna, sai na zauna ina jira ta ci gaba. Ta cikin gilashi na ga hannunta na ta aiki. Ashe ci gaba take yi.

Ta kawo takardar sakamakon za ta yi mini bayani. Na ce, "'Yata, bar shi, irin wannan zanen na ci abinci da shi." Lambobin na auna sirantar amo ne: layin jina na tafiya daidai, ya zo wajen dubu huɗu ya fara gangara, kafin dubu takwas ya faɗa rami. Fiton nasu yana can wajen dubu goma sha biyar. Ko da jirgi ba zan kai ba.

Ta tambayi aikin da na yi. Na faɗa. Ta ce yawancinmu haka muke ƙarewa. Agogon bango da wannan, ke nan kyauta biyu suka ba ni.

Na dawo ba aski. Uwarta ta kalli kaina, ta ci gaba da aikinta.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na buɗe bayan na'urar. Wayar da na ɗaura ce, ta bi ta kusa da inda bai kamata ba. Aikin minti biyu. Ɗan koyo ma zai kama shi, in yana da kunne.

Na sami Auta a ɗakin baya na ajiye mata takardar asibitin a kan tebur. Ta karanta. Ban ga mamaki a fuskarta ba.

"Na sani, Baba. An fi shekara biyu."

"Shi ne kike shigewa ɗaki wai dubawa?"

"Saman kawai nake gyarawa. Ƙasan ban taɓa taɓa maka ba, wallahi. Babu mai yi mini shi kamar kai."

Na ce ba na son sadaka. Na ce ta mai da ni abin tausayi a gidana, ita da uwarta, suna kallona ina rawar kai. Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ta ce, "Da na gaya maka, da ka yarda?" Na fita.

Da ban yarda ba.

Litinin, 7 ga Afrilu

Adireshin kamfanin na nan a takardar da ta ba ni. Na rubuta musu da kaina, da Turancin da aka koya mana lokacin da ake koyarwa. Sau biyar ina gogewa. Na farko duk tarihin aikina ne, shafi guda. Wanda na tura layi shida ne: aikin da ta ba ni ba shi da aibu, fiton daga na'urata ya shiga, ban kama shi ba domin ba na jin wannan wurin, ita kuma ba ta nan. Na haɗa da hoton takardar asibitin, kada su ɗauka uba ne ke kare 'yarsa.

Na danna, wasiƙar ta tafi.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Sun amsa mata, ba ni ba. Za su maye na intanet da gyararre, faifai zai fita a watan Yuni, maganar albam na gaba ta dawo. Injiniyansu ne zai sake tacewa. Za a cire sunana.

Ta zo ta tsaya a bayan kujerata da wayar a hannu. "Baba, me ya sa ba ka gaya mini za ka rubuta ba?" Na ce ta matsa, tana tare mini haske.

Asabar, 19 ga Afrilu

Aikin injiniyan nasu ya iso, tana ta kunnawa tun safe. Sun ce saman ya fita fes. Sai dai in yarda da su.

Amma ta uku, daga baranda ma na ji ganga da bes, amon nan mai kauri, na taka ƙafar juna. Ba ruwana. Na karanta jarida. Na sake karanta shafin. Daga ƙarshe na yagi gefenta na rubuta lamba biyu, inda zai rage da yadda zai rage, na tura mata ta ƙarƙashin ƙofa. A ƙasa na ƙara: daga dubu huɗu zuwa sama nasa ne, kada a tambaye ni.

Da yamma ta leƙo. Wai mutumin ya gwada, ya ce a gaishe ni, yana tambaya ko zan duba ta biyar.

Na ce zan gani. Ai ta biyar ɗin tun da rana na rubuta, tana aljihuna. Ya jira zuwa Litinin.