Rantsuwar Zaituna da Tukunyar Wiski

Mount Hope, Bronx
4 ga Maris, 2013

Zuwa ga ɗiyata Firdaoussi,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ko da yake ba lafiyar jikinki ce ta dame ni ba.

Kada ki yi mamakin ganin takarda. Ranar Juma'a da kika kira ni, na rantse da Allah a gaban matan da ke shago cewa bakina ba zai ƙara yi miki magana ba sai kin bar wannan aiki. Baki na rantse a kai, ban rantse a kan hannu ba. Kawunki Issoufou zai riƙa kai miki saƙona a tasinsa.

Shekara uku kina ce mini aikin gwajin hatsi kike yi a Brooklyn. Sai ga Hawawu mai kitso ta shigo shagona na turare a Harlem, ta shimfiɗa jarida a kan kwalaben humra, tana cewa, "Zaituna, wannan ba taki ba ce?" Ke ce kuwa, da ɗankwalinki, tsaye gaban wata ƙatuwar tukunyar jan ƙarfe tsakanin Turawa biyu. A ƙasa an jera sunayen waɗanda suka kafa gidan dafa wiski, har da sunan marigayi mahaifinki manne da naki. Na yi kolej a Maradi, na shekara goma sha biyar a garin nan, ba sai an fassara mini ba.

Kin sani sarai laifin giya bai tsaya ga mai sha ba. Mai dafawa da mai ɗauka da mai sayarwa duk suna ciki. Ki bar wurin nan. Ba shawara nake ba ki ba.

Allah ya shirye ki.
Mahaifiyarki, Zaituna

Red Hook, Brooklyn
10 ga Maris, 2013

Inna,

Wa'alaikumus salam. Ina gaishe ki cikin ladabi. Ki yafe mini ƙaryar da na yi miki, ba ni da abin da zan kare kaina da shi a kanta.

Amma ki bari in gaya miki yadda abin yake. Da na gama karatun kimiyya na yi wata tara ba aiki. Dermot, wanda muka yi aji ɗaya, shi da ƙanwarsa suka kama wani tsohon sito a bakin ruwa, lokacin da jiha ta sauƙaƙa wa ƙananan masu dafawa da ke aiki da hatsin manoman jihar. Ni na share wurin da hannuna. Mu uku muka ɗaure bututu, muka lalata dahuwa ta fi ashirin kafin mu iya. Bara da guguwar Sandy ta zo, ruwa ya kawo mana ƙugu, muka yi mako biyu muna kwashe laka. Ba ma'aikaciya ba ce ni da zan ajiye makulli in tafi.

Inna, wallahi ko ɗigo bai taɓa shiga bakina ba. Aikina da hanci ne. Idan tukunya ta ɗau zafi, abin da ke fara zubowa guba ne, warinsa kamar maganin goge farce. Sai na tsakiya, mai ƙamshin masara da gasasshen burodi. Sai na ƙarshe, kamar jiƙaƙƙen kwali. Dole wani ya san daidai inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Su Dermot sai sun ɗanɗana, su yi ta gardama. Ni in na ɗiga a tafin hannu na shaƙa, na sani. Suna tambayata inda na koya, ina ce musu a wurin uwata.

Ban ce halal ne ba. Ni ma ina kwana da abin a raina.

Ɗiyarki, Firdaoussi

Mount Hope
19 ga Maris, 2013

Firdaoussi,

Bayan sallama. Takardarki ta iso, na karanta ta sau biyu, na biyun ya fi zafi.

Wato har sunana kike kaiwa wurin? Da nake ɗaure miki ido da gyale kina 'yar shekara bakwai, ina miƙa miki kajiji da sandal da hawi ki faɗi sunan kowanne, don amare nake koya miki, don ɗakin mace ya yi ƙamshi, don tufafin Juma'a. Kakarki ta ba ni, na ba ki. Ba don wani ya yi tangaɗi a jirgin ƙasa ba.

Kin ce ba ki sha. Na yarda, don ban taɓa jin warinta a jikinki ba a duk zuwan da kike yi. Amma wanda ya wasa wuƙa ya miƙa wa mai kisa ba ya cewa hannunsa ba jini. Na kuma ji kina yabon waɗancan mutane da kwashe laka. Ban ce ragwaye ne ba. Mutum yana iya zama mai ƙwazo a kan ɓata, ya ma fi mai kasala nisa.

Ƙawata Abiba ta tambaye ki a masallaci, na ce kina nan.

Kwanan nan ba na yawan haɗa humra, ina sayar da wadda ke ƙasa. Shekaru ne. Rantsuwata tana nan.

Mahaifiyarki

Red Hook
2 ga Afrilu, 2013

Inna,

Ina gaishe ki. Ba shekaru ba ne, Kawu Issoufou ya faɗa mini. Kada ki yi masa faɗa, ni na matsa masa.

Ya ce tun murar da kika yi a watan Disamba hancinki bai dawo ba. Ya ce ya shigo ya tarar miyar kuka ta ƙone ƙurmus, ke kina falo kina ninke kaya ba ki ji ba. Ya ce uwar wata amarya daga Tompkinsville ta dawo miki da kwalba shida na humra, ta ce farcen da kika sa a ciki ya yi yawa har yana ƙarni, kika karɓa. Shekara talatin ba a taɓa dawo miki da turare ba. Wata huɗu kina aunawa da ido kina tsoro, ba ki gaya wa kowa ba. Ashe ɓoye abu ma a wurinki na koya.

Bikin amaryar saura mako uku. Ki bari in zo ranar Lahadi. Ba sai kin yi mini magana ba. Ki zuba, ki miƙo, ni in shaƙa in ce ƙara ko ya isa. Kuma in kai ki asibiti a duba hancin, in sa miki na'urar da ke ƙara in gas ya zuba.

Ba zan yaudare ki ba, ban bar aikin ba, kuma ban yanke shawarar bari ba. Na dai ce wa Dermot ya fara koyon rarrabe abin da ke zubowa daga tukunya da kansa. Ya ce zai ɗauke shi shekara biyu. Na ce ya fara.

In kin ce kada in zo, ba zan zo ba.

Firdaoussi

Mount Hope
5 ga Afrilu, 2013

Ɗiyata,

Assalamu alaikum. Issoufou ya sha faɗansa.

Na je wurin limaminmu. Ya ce rantsuwar da za ta yanke zumunci a karya ta ya fi, a yi kaffara. Jiya na dafa shinkafa da miyar kaji, na ciyar da mabuƙata goma a ƙofar masallaci. Hawawu ce ta tsaya mini a kan tukunya don kada ta kama.

Ba don humra na yi ba, kuma ba don na yarda da aikinki ba. Na yi ne don abin da zan faɗa miki ya fi ƙarfin takarda, kuma ba zai yi miki daɗi ba. Za ki ji shi ranar Lahadi, da duk Lahadin da ta biyo baya, har ɗayarmu ta gaji. Ni ban saba gajiya ba.

Ki yi wanka, ki sake kaya, kada ki shigo mini ɗaki da warin wurin nan. Ko kin shigo da shi ba zan ji ba yanzu. Wannan tsakaninki da Allah ne.

Ki zo bayan azahar.

Innarki