Abin da Muka Rufe da Yashi

Zuwa ga Innata,

Assalamu alaikum, Inna. Ina gaishe ki a durƙushe kamar yadda na saba, ko da yake na san takardar nan ba za ta iske ki ba. Ko kina raye ma sai dai in karanta miki, kina katse ni kina cewa in rage sauri. Shekara tara ke nan da aka kai ki makwancinki. Allah ya haskaka shi. Ina zaune ne a barandar wani asibiti a Sakkwato, an idar da azahar, na ari biro don hannuna ya sami abin riƙewa.

Labarin gida ba yawa. Ruwa ya cika bana har ya ci gonakin albasa na bakin gaɓa. Jikanki Bashir ya sa wa jirginsa inji, yana ɗaukar mutane daga Yelwa zuwa tsallake ranar kasuwa. Matarsa Jamila, Bafillatanar Shanga da kika gani tana amarya, har yau ba ta ɗaga ido a gabana. Ɗiyarsu ta fari ita ta ci sunanki. Bakina ba ya iya kiransa, Ummi nake ce mata. Shekararta takwas. Saboda ita nake nan.

Ranar Talata da hantsi ta bi mata wanki bakin ruwa. Ta hau wani kwalekwale da aka jawo gaɓa, santsi ya kwashe ta, kanta ya bugi bakin katakon. Waɗanda ke wurin sun ce ta yi shiru kamar a ƙirga goma, sannan ta tashi da kuka. Ba jini, sai ƙullutu a saman kunnen hagu. Na yi abin da kike yi. Na shafa man shanu, na danna da tafin hannu, na tofa mata addu'a. Kowa ya ce an auna arziki tunda fata ba ta tsage ba.

Washegari Ummi ta bar kokonta a kwano, hankalina ya ƙi kwanciya, na ce wa Jamila mu kai ta asibitin gari. Malamar da muka samu mai haƙuri ce. Ta tambayi Ummi ko kanta na ciwo, ta ce da sauƙi. Ta tambaye ta ko tana jin jiri, ta ce da sauƙi. Wa ya koya mata wannan amsa, Inna? Ni ce. Ni kuma ke kika koya mini cewa mara lafiya ba ya kai ƙarar Ubangijinsa wurin mutane. Sai malamar ta juya ga Jamila, ta tambaye ta ko yarinyar ta yi amai, ko barcinta ya yi yawa, ko tana nan yadda ta san ta. Jamila ta ja mayafi, ta dubi ƙasa, ta ce lafiya lau. Ina gefe ina jin daɗi, Allah ya yafe mini. Ina cewa a raina ga 'yar mutunci, ba ta nuna a gaban surukarta cewa tana sa wa ɗiyar fari ido ba.

Malamar ta haska mata fitila a ido ɗaya bayan ɗaya, ta sa ta bi yatsa da kallo, ta sa ta taka layin siminti dunduniya na taɓa yatsu. Ta ɗan yi tangaɗi, amma ta kai ƙarshe. Ta faɗa mata abu uku ta ce ta riƙe, kifi da tabarma da rana. Da aka jima ta kawo biyu. Malamar ta ce a bar ta ta huta, ban da rana, ban da kallon waya. Ta ce mu dawo da gudu in ta yi ta amai, ko ciwon kan ya ƙaru, ko ta yi wuyar tashi daga barci, ko ta rikice, ko wani gefen jikinta ya saki. Na ƙirga su da yatsuna. Ba ta yi laifi ba. Da abin da muka ba ta ta yi aiki.

Bayan la'asar 'yan matan unguwa suka zo karatu ɗakina kamar kullum. Na ce Ummi ta kwanta, amma ta lallaɓo ta zauna, ta juya wa ƙofa baya, tana kare ido da hannu. Da tilawa ta zagayo kanta sai ta ɗauko wata gajeriyar sura da ta haddace tun tana shekara biyar. A tsakiya ta tsaya. Ta koma farko, ta sake tsayawa a wurin. Sai ta faɗa cikin wata sura daban ba ta ma sani ba. Yaran suka yi dariya. Ta tambaye ni ko babanta ya dawo, na ce bai dawo ba. Ta sake tambaya. Da ta tambaya ta uku da murya iri ɗaya, kamar ba ta taɓa yi ba, sai na sallami yaran.

Na zagaya bayan madafa in ɗauko buta. A gindin katanga na ga tulin yashi uku, ƙanana, an shafe samansu da ɗan ƙaramin hannu. Kaji sun fara tone ɗaya.

Ban buƙaci in duba ba, Inna. Na san abin da ke ƙasa, don ni ma na taɓa yin irin wannan tulin.

Kin tuna ranar da kika tafi ta'aziyya Birnin Yauri kika bar mini ƙanena Sule? Ina da shekara goma sha ɗaya, shi biyar. Na tafi gaɗa gidan maƙwabta, ya hau rumbu ya faɗo. Ya tashi, ya yi kuka, ya koma wasa. Daga baya ya yi amai sau biyu a bayan rumbun. Na kwaso yashi na rufe, na ce masa kada ya faɗa, za ki doke ni. Da kika dawo kika tambaye ni me ya sa ya yi barci tun kafin magariba, na ce wasa ne ya gajiyar da shi. Kika rufe shi da zanenki. Da safe bai tashi ba. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce zazzaɓi. Ke kuwa kika ce kwana ne ya ƙare, ba ki ƙara komai ba.

Shekara talatin da takwas ina ɗauke da wannan. Na san ajali ba ya gaba ba ya baya, ni nake koya wa yara haka. Kuma a lokacin wane asibiti ma za ki kai shi? Amma kin tambaye ni, na yi miki ƙarya. Da nake jinyarki, sau biyu na buɗe baki in faɗa, sai in ce ko in ƙara miki ruwa. Kin sani ne kika yi shiru? Ke kike share bayan rumbun nan kowace safiya. Kin ga yashin?

Daga bayan madafa na shiga ɗakin Jamila, na tura ƙyaure, na durƙusa a gabanta. Ta zabura za ta tashi, na riƙe hannunta. Na roƙe ta don Allah ta ajiye kunya, yau ni ba surukarta ba ce. Sai ta fashe da kuka. Ashe ta ga aman tun na asuba. Ashe yarinyar ta jiƙa shimfiɗa, abin da ta bari tun tana shekara uku, kuma sau ɗaya ta dube ta ta kira ta da sunan wata. Duk tana gani, tana satar leƙa ta in ba kowa, ta rasa bakin da za ta faɗa mini. Wannan ce kunyar da na zauna ina yaba mata da safe.

Muka koma asibiti. Na faɗa wa malamar komai, har da cewa ba mu gaya mata gaskiya ba. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta sake haska idanun, ta daɗe a kan na hagu, ta fita ta kira likita. Aka ba mu takarda zuwa Sakkwato, inda ake da injin ɗaukar hoton cikin kai. Bashir ya samo mota. Ba zan ba ki labarin hanyar ba, sai abu ɗaya. Kan Ummi yana cinyata, duk lokacin da ta yi luf sai Jamila ta sunkuya ta kira ta, kuma da sunanta na yanka, sunanki, a gabana da gaban mijinta. Tun da ta haife ta ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

Likitan nan ya nuna mana hoton. Jini ne ya taru tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa, a hoton bai fi ɓawon gyaɗa ba. Ya ce in ya tsaya haka jiki zai iya shanye shi, in ya ƙaru sai an yi aiki. Bai yi mana alkawarin komai ba. Duk bayan awa biyu ana tashinta a tambaye ta sunanta da inda take, a sa ta matse hannu biyu, a haska ido. Na zauna na gaya mata ta faɗi duk abin da take ji yadda yake, ba wanda zai ce ba ta da tarbiyya. Da safe ta ce tana Yelwa. Da rana ta ce asibiti, kuma kanta na ciwo ƙwarai. Likita ya rubuta duka biyun. Ban san wanda ya fi nauyi a wurinsa ba, ban kuma iya tambaya ba.

Ki yafe mini, Inna. In Allah ya haɗa ki da Sule, ki ce masa yayarsa ta faɗa.

Ga malamar asibitin nan can ta shiga ɗakin da fitilarta, lokaci ya yi. Ummi na barci tun ɗazu. Bari in ajiye biron in je in tsaya a kanta, in ga ko za ta buɗe ido a kira na farko.

Allah ya jiƙanki, ya sa kina hutawa. Sai mun zo.

Ɗiyarki mai neman gafararki,
Saratu